Belu ba cuta ba ne, halitta ce mai aiki a bakin jariri

Har yanzu ana kiran wanzami ya cire wa jariri belu, wai don kada ya jawo masa cuta. Duk ɗalibin likitanci a Garwa ta ƙasar Kamaru da ya zo darasin baki, abin da ake fara nuna masa shi ne cewa rufin baki kashi biyu ne: ganɗa mai ƙashi daga gaba, sai nama mai laushi daga baya, wanda belu ke reto a ƙarshensa. Kowa na iya ganin wannan a gida. Haska fitilar waya a bakin ɗanka, ka sa ya ce "aa", za ka ga naman ya ɗaga sama, belun ya bi shi.

Wannan ɗagawar ita ce aikinsa. A lokacin haɗiya, naman da belun suna toshe hanyar da ta haura zuwa hanci, domin nono ko kunu ya gangara ciki maimakon ya fito ta hanci, kuma belun yana fitar da yawu mai jiƙa maƙogwaro. Tari ko amai ko ƙin kama nono da ake ɗora masa, sau da yawa alamun wata cuta ce daban wadda take buƙatar a duba ta a asibiti.

Abin da ya fi tayar mini da hankali game da cire belu shi ne jini. Jaririn da nauyinsa ya kai kilo 3, jinin jikinsa gaba ɗaya bai wuce kwatan lita ba, ga shi wurin cike yake da ƙananan jijiyoyi, kuma ba a iya ɗaure shi da bandeji. Yakan haɗiye jinin yana zuba, iyaye ba su sani ba sai sun ga tafin hannunsa ya yi fari. Askar da ta shiga baki bayan baki kuwa tana iya ɗauko ciwon hanta, ƙanjamau da tetanus.

Haka ma yanke linzamin da ke ƙarƙashin harshe. Idan ka ɗaga harshenka a gaban madubi za ka ga jijiyoyi masu duhu a gefensa biyu, kuma kuskure kaɗan ya isa ya yanke su. Akwai jariran da linzaminsu ke hana su tsotso da gaske, amma ma'aikacin lafiya ne zai tantance.

Iyayenmu mata da kakanni, daga Marwa har Ngaundare, mun san tausayi ne ke sa ku aika a kira wanzami. Ina roƙonku, kafin ranar suna ku kawo mana jaririn asibiti mu duba bakinsa tukuna.