Farmanganat: ma'aunin ruwansa da inda yake cutarwa

A Garwa, Marwa da Kusuri, har da tsallaken kogi a Injamena, da wuya gidan da bai san ƙwayar nan mai duhu da ake jefawa a ruwa ya koma shunayya ba, wadda ake saya a farmasi da sunan farmanganat. Magani ne na gaske, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Sai dai na wanke fata ne kawai, kuma amfaninsa da ɓarnarsa duk sun rataya ne a kan yawan ruwan da aka sa masa.

Sinadari ne da ya ƙunshi fotasiyam da manganis da oksijin. Da zarar ya haɗu da ƙwayar cuta ko mugunya ko nama, sai ya ƙona abin, shi kuma ya rikiɗe ya zama wani gari mai ruwan ƙasa da ba ya narkewa. Wannan garin ne ke rina farce da roba da tawul. Farmanganat bai san ƙwayar cuta daban, naman mutum daban ba. Da ruwa mai yawa yakan kashe ƙwayoyin cuta ya tsane ƙurji mai tsattsafo, da ruwa kaɗan kuwa fatar zai ci.

Ma'aunin shi ne giram 1 a lita 10. Ƙwaya mai miligiram 500 tana son lita 5, wato ƙaramar jarka cike. Mai 400 lita 4. Ƙunshi mai 250 lita 2 da rabi. A duba abin da aka rubuta a jikin takardar, don ba duka suke daidai ba. A fara narkar da ƙwayar a kofin ruwan ɗumi, ana juyawa da cokalin roba har a daina ganin ko tsaba ɗaya a gindin kofin, sannan a juye cikin sauran ruwan. Nan ne aka fi yin kuskure: a jefa ƙwaya a baho, a tsoma yaro nan take, gutsuren da bai narke ba ya manne masa a cinya ya bar baƙin miki. Da busasshen hannu ko da takarda ake ɗaukar ƙwayar. Ruwan da ya yi daidai ruwan hoda ne mai haske, ana hango gindin roba ta cikinsa. In ya yi kama da zoɓo, ya yi ƙarfi, a ƙara ruwa.

Ana jiƙa wurin na minti 10 zuwa 15, sau ɗaya ko biyu a rana, na 'yan kwanaki. Ya dace da ƙurajen yara masu ruwa, da ƙaiƙayin fata mai tsattsafo, da tsakanin yatsun ƙafa da ruwa ya ci lokacin damina. Da wurin ya bushe a dakata, ci gaba tsaga fata yake yi. Kowane jiƙo da sabon haɗi; ruwan da ya juya ruwan ƙasa ƙarfinsa ya ƙare. A shafa basilin a farce kafin a tsoma. Idan tabon ya riga ya kama hannu ko tufa, ruwan lemon tsami yana sauya manganis ɗin zuwa irin wanda ke narkewa, mai launi kaɗan, ya bi ruwa. Miki mai zurfi, mikin mai ciwon sukari, da ƙurjin da ya zo da zazzaɓi, na asibiti ne.

Ba a shan sa, ko ƙwayar ko ruwan. Yana ƙona baki da maƙogwaro da ciki, maƙogwaro ya kumbura har numfashi ya gagara. Ko a Ingila sai da hukumar lafiyarsu ta fitar da gargaɗi a 2022, saboda ana ba marasa lafiya shi su haɗiye bisa kuskure. Kada a ajiye haɗin a gorar lemo inda yara ke kaiwa. Wanda ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A kurkure masa baki, a garzaya asibiti da takardar maganin a hannu.

Iyaye mata da 'yan mata, a ji wannan da kyau: cusa ƙwayar a gaba ba ya zubar da ciki. Jinin da ake gani na ƙunar naman wurin ne, cikin yana nan, kuma zubar jinin tana iya kai mace ga halaka. Haka tsaga saran maciji a zuba garin, tsohon yayi ne da aka daina, dafin ya riga ya shige, ƙari kawai aka yi wa raunin.

Masu wanke salak da tumatir da shi su sani ba ya gamawa da ƙwan tsutsar ciki, kuma ba a dogara da shi a ruwan sha, balle lokacin kwalara. Ruwan sha a tafasa, ko a sa masa kulorin bisa ma'aunin da ma'aikatan lafiya suka bayar.

Wurin ajiya ya zama busasshe, a rufe, nesa da gilisarin ɗin da mata ke haɗa man shafawa da shi, da man birki, da fetur. Gilisarin in ya zuba a kan garin farmanganat, wuta ke tashi da kanta ba ashana, don haka mai shago kada ya jera su a kanta ɗaya.