Outlook ta ƙi buɗewa ko ta yi nauyi: abin da za ka duba kafin ka kai wa mai gyara

Bayanin nan ya shafi Outlook ta asali, manhajar imel ta Microsoft, wadda ake girkawa tare da Office a kan Windows, ban da sabuwar Outlook da ta waya.

Na danna ta, ko motsi ba ta yi ba. Daga ina zan fara?

Sau da yawa tana nan tana aiki a ɓoye, ba ta gama rufewa ba tun amfanin ƙarshe. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka nemo Outlook a jerin da zai fito, ka zaɓi End task, sannan ka sake gwadawa.

Idan ta ƙi, riƙe Ctrl ka danna tambarinta. Za ta tambaye ka ko ta tashi a Safe Mode, wato ita kaɗai ba tare da ƙarin abubuwan da ke jikinta ba, ka amsa mata. In ta buɗe a haka, to laifin na ƙananan manhajojin da ke liƙe a jikinta ne, waɗanda ake kira Add-ins: na kariya daga bairos, na PDF, na taron bidiyo. Shiga File, Options, Add-ins, a can ƙasa ka zaɓi COM Add-ins ka danna Go. Cire alamar da ke gaban kowanne, ka rufe ka buɗe, sai ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana.

In kuwa saƙon da take nunawa shi ne "Cannot open the Outlook window", danna maɓallin Windows da R, ka rubuta outlook.exe /resetnavpane. Tsarin jerin foldojin gefen hagu kawai zai koma yadda ya zo, ko saƙo ɗaya ba zai ɓata ba.

An ce in goge fayil ɗin saƙonnin ta sake gina shi. Babu haɗari?

A nan ne mutane ke tafka asara, don haka a tsaya a natsu. Fayil iri biyu ne, gwargwadon irin asusun imel ɗin da aka saita a Outlook (Exchange, IMAP da POP duk hanyoyi ne na haɗa ta da imel ɗinka). Mai ƙarewa da .ost kwafi ne na abin da ke kan sabar kamfanin imel ɗinka, kuma shi ake samu a asusun Exchange, Microsoft 365 da IMAP. Mai ƙarewa da .pst kuwa, wanda asusun POP ke amfani da shi, galibi shi kaɗai ne wurin da saƙonninka suke a duniya. Ka goge shi, wasiƙun shekaru sun tafi ke nan.

Ko .ost ɗin ma kada ka goge, canza masa suna kawai. Yana cikin %localappdata%\Microsoft\Outlook (danna Windows da R ka rubuta wannan, foldar za ta buɗe). A asusun IMAP, duba ko akwai foldar da aka rubuta wa "This computer only". Lambobin mutane da kalanda kan zauna a nan, kuma babu kwafinsu a sabar, sai ka fitar da su tukuna. Ka kuma tuna sake ginin yana nufin sauke saƙonnin daga farko: fayil mai 8GB zai ci data kusan haka.

An ɗauke wuta ina cikin aiki, tun daga nan take cewa fayil ya lalace.

Outlook tana rubutu a fayil ɗin nan kusan kowane lokaci. Wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, sai jadawalin da ke nuna inda kowane saƙo yake ya hargitse. Rufe Outlook, ka kwafe .pst ɗin zuwa filashi kafin komai. Yawanci yana cikin Documents, a foldar Outlook Files. Sannan ka nemo SCANPST.EXE a C:\Program Files\Microsoft Office\root\Office16, ko a Program Files (x86). Nuna masa fayil ɗin, danna Start, in ya ga ɓaraka danna Repair. Kada ka cire alamar ajiye kwafi, ita ce ke samar da fayil mai .bak. Wani lokaci sai an maimaita sau biyu ko uku. Kwamfutar tebur da ba ta da UPS za ta sake faɗawa wannan matsala, ko ba daɗe ko ba jima.

Tana buɗewa, amma kowane saƙo sai na jira.

Duba girman fayil. Tun daga Outlook 2010 iyakarsa 50GB ce, amma nauyi yana farawa tun kafin nan. A bayanin Microsoft, har zuwa 5GB lafiya lau, daga 5 zuwa 10 ya danganta da ƙarfin kwamfutar, sama da 10GB kuma tsaitsayawa ke somawa. Tsohon faifan ajiya mai juyawa ya fi SSD jin jiki nesa ba kusa ba.

Mai asusun Exchange ko IMAP ya shiga Account Settings, ya buɗe asusun, ya ja ma'aunin da ke ƙayyade saƙonnin wata nawa za a ajiye a kwamfuta zuwa wata 3 ko 6. Tsofaffin suna nan a sabar. Mai .pst ya kwashe tsofaffin shekaru zuwa wani fayil daban, ya zubar da Deleted Items, sannan ya danna Compact Now, mai matse fayil ɗin, a saitin fayil ɗin cikin Account Settings, domin goge saƙo shi kaɗai ba ya rage girman fayil nan take. Kuma kada a ajiye .pst a foldar da OneDrive ke ɗorawa ko a kan wata kwamfutar ofis ta netwok: manhaja biyu na kokawa a kan fayil ɗaya, ga nauyi ga haɗarin lalacewa.

Duk na yi, shiru. In sa a yi wa kwamfutar fomatin?

A'a, da sauran matakai biyu. Na farko, sabon furofayil, wato sabon saitin asusunka a Outlook: Control Panel, Mail, Show Profiles, Add, ka sa asusunka, ka bar tsohon yadda yake. In sabon ya yi aiki, saitin tsohon ne ya lalace. Na biyu, gyaran Office daga jerin manhajojin Windows: fara da Quick Repair, wanda ba ya buƙatar intanet, sai in ya gaza ka koma Online Repair, mai sake sauke Office gaba ɗaya.

Mai amfani da Office 2016 ko 2019 ya sani Microsoft ta daina tallafa musu tun 14 ga Oktoba, 2025, babu sauran gyaran tsaro da zai zo. In har ta kama sai an yi fomatin, ka tsaya a kan mai gyaran ya kwafe duk wani .pst a gabanka, ka ga girmansa a filashin da idonka kafin ya taɓa komai.