Gaurayen Alminiyam da Litiyam: yadda yake tsagewa a jikin jiragen sama

Gaurayen alminiyam da litiyam wani ƙarfe ne da ake ƙera jiragen sama da rokoki dashi saboda rashin nauyi. Litiyam shine ƙarfe mafi sauƙin nauyi a duniya, kusan rabin nauyin ruwa ne, in aka zuba kashi 1 cikin 100 nashi a alminiyam nauyin ƙarfen kan ragu da kusan kashi 3, ƙin lanƙwasawarsa kuma ya ƙaru da kusan kashi 6. To ga mai ƙera jirgi wannan ba ƙaramin abu bane, duk kilon da aka rage man fetur ne aka tsira dashi. Abinda ya daɗe yana hana ruwa gudu shine juriyar tsagewa, wato in ƴar ƙaramar tsaga ta riga ta samu a jikin ƙarfe, nauyi nawa zai ɗauka kafin ta ruga ta raba shi biyu.

Kamfanin Alcoa na Amurka ya fito da samfuri mai lamba 2020 a ƙarshen shekarun 1950, aka sa shi a fukafukan jirgin soja RA-5C Vigilante, amma daga baya aka daina yinsa saboda gautsi. Tarayyar Sobiyet ta yi nata, 1420, mai haɗe da magniziyam, a tsakiyar shekarun 1960. Sai shekarun 1980 aka sake dawowa da ƙarfi da su 2090 da 2091 da 8090 masu litiyam wajen kashi 2 zuwa sama, anan ne fa masana suka ga asalin ciwon.

Abinda ke faruwa a ciki shine, litiyam yana haɗuwa da alminiyam ya samar da wasu ƴan mitsi-mitsin ƙulle da ake rubutawa Al3Li, sune ke ba ƙarfen ƙarfi, amma in an matsa masa suna yankewa cikin sauƙi, sai duk zamewar ta taru a layi ɗaya ta je ta daki iyakar ƙwayoyin ƙarfen, wato ƙananan gutsattsarin da suka manne da juna suka haɗa jikinsa, tsaga ta bi ta nan. Ga kuma ƙazantar sodiyam da fotasiyam da ke taruwa a iyakokin ko da kaɗan ce ta ƙara raunana su. Sannan ana sa zakoniyam ɗan kaɗan, wanda ke sa in an murje ƙarfen ya zama faranti ƙwayoyin su zauna a baje, hawa-hawa. Wanda ya taɓa faskaren itace ya san abin: bi tsawon itacen gatari ɗaya ya isa, amma sara shi a kwance sai ka yi gumi. Haka farantin yake, in tsaga ta zo ta gicciye sai ta yi ta karkacewa tana rasa ƙarfi, in kuwa ta bi tsakanin hawa-hawan sai ya ɓare. Shi yasa lamba ɗaya bata isa a faɗi juriyar wannan ƙarfe ba, dole a ce ta wace fuska aka gwada, kuma a ganina nan ne duk maganar take.

Wannan karkacewar tana da amfani. Tsagar gajiya, wadda ke girma a hankali saboda tashi da sauka, tafi jinkiri a cikinsa fiye da tsofaffin alminiyam irin su 7075 saboda hanyarta ba miƙaƙƙiya bace, fuskokin tsagar suna cije juna. Sai dai injiniyoyi basa son tsagar da basu san inda zata nufa ba, domin lissafin lokacin duba jirgi akan hasashen tafiyar tsaga aka gina shi.

Wani abin mamaki kuma, a cikin matsanancin sanyi juriyar wasu samfuran ƙaruwa take yi maimakon raguwa. Wannan na cikin abinda yasa hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta ɗauki samfurin 2195 ta ƙera tankin waje na kumbon Space Shuttle, mai ɗaukar ruwan haidurojin a sanyin digiri 253 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, ya fara tashi a watan Yunin 1998 kuma an rage wajen kilo 3,400.

Samfuran yanzu kamar 2050 da 2099 da 2198 an rage musu litiyam zuwa ƙasa da kashi 2, an ƙara jan ƙarfe, wasu harda ɗan azurfa, ta yadda ƙullen Al2CuLi ne ke ɗaukar nauyin ƙarfafawa, kuma akan ɗan ja ƙarfen kafin a gasa shi dan ƙullen su bazu daidai. An yi asarar wani ɓangare na rashin nauyin amma juriyar ta gyaru sosai, da irinsu ake aiki a jikin Airbus A350 da A220 da tankunan rokar Falcon 9. Tsadarsa dai tana nan, kuma ɓurɓushinsa sai an ware shi daban wajen sake narkawa kar ya gurɓata sauran alminiyam.