Soyayya da amini a littattafan shojo manga

Wai mene ne shojo ɗin ma tukunna?

Littattafan zane ne na Japan da ake yi don 'yan mata, yawanci labarin yana fara fitowa kaɗan-kaɗan a mujalla kafin a haɗa shi littafi. Mujallar Nakayoshi tun 1954 take fitowa, mujallar Ribon kuma 1955. Daga dama zuwa hagu ake karanta su kamar ajami.

Wane irin amini ake nufi?

Wanda aka taso tare, gida kusa da gida, makaranta ɗaya tun firamare, mamansa ma ta san abincin da yarinyar ba ta ci. Japanawa suna ce masa osananajimi. Wani lokacin kuma ɗan ajinsu ne da suka saba da tsokanar juna.

To ina daɗin labarin tunda sun riga sun san juna?

Ai sanin ne ma ya ɓata lissafin. A Japan da sunan gidansu ake kiran mutum, ranar da yaro ya kira yarinya da sunanta na yanka sai ka ga an cinye shafi guda ana zana yadda kunya ta kama ta, amma aminai tun suna ƙanana haka suke kiran juna, kenan wannan alamar ba ta da wani amfani a wajensu. Haka cakulan ɗin 14 ga Fabrairu, can mata ne ke ba maza, akwai giri na fita kunya kawai akwai honmei na wanda ake so da gaske, to ita duk shekara tana ba shi, bana da ta kwana tana haɗa shi da hannunta ta yaya zai gane ya bambanta? Ya karɓa ya cinye ya ce ya yi zaƙi da yawa, wallahi abin haushi.

Me zai hana ta faɗa masa kawai?

Tsoron biyu babu. A irin labaran nan sai an furta ƙarara, kokuhaku suke cewa, kuma in ya ce a'a ba saurayi kaɗai ta rasa ba har wanda take kai wa ƙorafi, gobe kuma hanyar makarantarsu ɗaya. A Lovely Complex na Aya Nakahara, wanda ya fara fitowa a 2001, Risa ta fi Otani tsawo, 'yan ajinsu a Osaka sun mai da su 'yan barkwanci, da ta furta sai da ya daɗe bai ma gane da gaske take ba, daga baya ya ce shi ba ya iya kallonta a budurwa. Ba ta haƙura ba dai. A Kimi ni Todoke kuma namijin ne ya sha wuya, Ryu na son Chizuru ita kuma hankalinta na kan yayansa Toru.

Kullum aminin ne ke samun ta?

Ina! In labarin nasu ne su biyu, galibi ana daidaitawa. Amma da zarar wani sabon yaro mai shiru-shiru ya shigo ajin, to aminin ya fara shirin haƙuri, shi zai ba ta laima ranar ruwa, shi zai lallashe ta in wancan ya sa ta kuka, ƙarshe ma shi zai ce mata ta ruga ta same shi kafin jirgin ƙasa ya tashi. Ni dai ɓangarensa nake tsayawa duk da na san yadda za ta kaya.