Wai mene ne rubirik ɗin nan da ake ta faɗa wa malaman firamare?

Duk malamin firamaren da ya zauna bita a 'yan shekarun nan a cikin Kano, ko wadda SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, take kira ko irin wadda masu makarantun kuɗi suke haɗa wa malamansu lokacin dogon hutu, da wuya a ce bai ji kalmar nan rubirik ba. Mai gabatarwa zai ce kowa ya riƙa makin da rubirik, a gyaɗa kai, a tashi, a koma aji ran Litinin a ci gaba da abin da aka saba, wato a ɗauki jan biro a leƙa littafin yaro a rubuta 6/10 a gefe a wuce. Ni malamin aji biyar ne, kuma na daɗe ina cikin masu gyaɗa kan, shi ya sa nake so na warware kalmar yadda na fahimce ta yanzu, musamman a wajen da ta fi yi min amfani, wato makin insha'in jan ra'ayi.

Rubirik dai kwanon awo ne. In kin je Dawanau ko Rimi sayen gero ba a ce miki ai da ido ma wannan zai kai kwano biyu, akwai kwano a ajiye, shi za a cika a gabanki, wanda ya zo bayanki ma da shi za a auna masa. To haka rubirik yake, takarda ce guda da malami zai zauna ya tsara tun kafin yara su fara rubutu, ya rubuta abubuwan da zai duba a cikin aikin, sannan a gaban kowanne ya bayyana yadda aikin da ya cancanci maki 4 yake kama da yadda na maki 1 yake kama. Wannan bayanin na biyu shi ne ran abin. In ka rubuta "hujja, maki 4" ka tsaya a nan, rabon maki kawai ka yi, irin wanda muke kira makin skim. Sai ka faɗi wace irin hujja ce take cin 4 ɗin sannan ya zama rubirik.

Asalin kalmar daga Latin ne, kuma ma'anarta tana komawa ga jar ƙasa ko jar tawada da masu rubutun hannu na ƙasashen Turai suke rubuta kanun magana da ita a littattafan da, don ido ya san inda zai tsaya. Ranar da na ji haka abin da ya faɗo min a rai shi ne Alƙur'anin hannu irin wanda alarammominmu suke rubutawa, baƙaƙe da baƙar tawada wasulla da ja, jan yana nuna maka yadda za ka karanta ne.

Shi kuwa insha'in jan ra'ayi, a darasin Hausa mun fi saninsa da insha'in muhawara, duk da ba lallai sai an yi ɓangare biyu ana ja-in-ja ba. Rubutu ne da yaro zai ɗauki matsaya ya yi ƙoƙarin shawo kan wani mutum ya yarda da shi ko ya aikata wani abu. Ya bambanta da insha'in labari, ya bambanta da na siffantawa irin su "makarantarmu" da "babban abokina" da yara suke haddacewa. Kuma wallahi ya fi su wahalar maki nesa ba kusa ba, don akwai tarko biyu da suke jiran malami, kyan rubutun hannu da kuma ra'ayin malamin kansa.

Tarko na farko ni ya kama. Zangon da ya wuce na ba ajina aiki, na ce kowa ya rubuta wa hedimasta wasiƙa ya shawo kansa a kan abu ɗaya da yake so a canja a makarantar. Yara da yawa famfo suka zaɓa saboda ya kwana biyu a lalace. Akwai wata yarinya da rubutunta kamar an buga da inji, ga sakin layi ga aya ga waƙafi kowanne a inda ya dace, ta rubuta tana roƙon a gyara famfo saboda ruwa yana da amfani, ruwa yana da kyau ga lafiya, ruwa abokin aiki ne, dan Allah a taimaka a gyara. Na ba ta 8/10. Sai wani yaro da rubutunsa kamar tafiyar tsutsa, ya haɗe kalmomi inda ya kamata ya raba, bai sa lanƙwasa a ƙ da ɗ ba ko sau ɗaya, ga gogewa har takardar ta kusa hujewa. Na ba shi 4/10 ban ma tsaya na karanta da kyau ba, gaskiya ke nan.

A ofis wata malama da ta girme ni a aikin ta ɗauki littattafan biyu tana dubawa, can ta ce min, "Malam, zo ka karanta min na yaron nan da ƙarfi." Na karanta. Yaron cewa ya yi kullum in an fita tara sai sun tsallaka titi sayen fiya wata, kuma ran Talata wani mai adaidaita ya kusa buge ƙaninsa ɗan aji biyu a wajen tsallakawar. Ya ce kuɗin tararsa naira 100 ne, in ya sayi ruwa abin da ya rage ba ya isa ya sayi abin da zai ci. Sannan ya ce ya san hedimasta zai ce babu kuɗi, to in haka ne a kira iyayen yara a gaya musu, shi babansa ya san mai gyaran famfo a unguwarsu. Malamar ta ce, "To Malam, in kai ne hedimasta, wacce wasiƙa ce a cikin biyun nan za ta tashe ka daga kujera?" Ban da amsa. Yaron ya yi ainihin abin da na ce a yi, ni kuma na je na auna wani abu daban.

Daga nan ne muka zauna ni da ita muka tsara namu. Abu biyar muka sa, kowanne daga maki 1 zuwa 4, jimilla 20. Akwai matsaya, wato ko mai karatu zai gane tun daga farko me yaron yake so. Akwai tsari, ko maganar tana bin juna ko tana tsalle. Akwai ƙa'idojin rubutu. Waɗannan ukun ba su ba mu wahala ba, cikin minti kaɗan muka gama da su.

Hujja ce ta cinye mana rana. Mun yi ta gardama a kan mene ne bambancin maki 2 da maki 3, daga ƙarshe muka tsaya a kan haka, yaron da ya maimaita ra'ayinsa da wasu kalmomi, kamar a ce a gyara famfo saboda gyaran famfo abu ne mai kyau, maki 1 ne ko da ya cika shafi. Wanda ya kawo dalili na gaskiya amma ya bar shi tsirara, misali ya ce saboda muna jin ƙishirwa ya yi shiru, maki 2. Wanda ya kawo dalili ya ɗora masa misali ko wani abu da ya gani da idonsa ko ya ƙirga, maki 3. Maki 4 sai wanda ya kawo irin wannan dalilin fiye da ɗaya kuma ba su maimaita juna ba. Abu na biyar shi ne sanin wanda ake yi wa magana, ko yaron ya hango abin da mai karatu zai ce ya tare shi, kamar yadda yaron nan ya tare maganar babu kuɗi, sannan ko lafazinsa ya dace da babba. Da muka sake awo da wannan kwanon yaron ya tashi da 16 duk da maki 1 kacal ya samu a ƙa'idojin rubutu, yarinyar ta tashi da 12 da cikakken 4 ɗinta a ƙa'idoji da 1 a hujja.

Kar wani ya ɗauka ina cewa ƙa'idojin rubutu ba su da muhimmanci, suna da shi sosai, kuma yaron nan sai da na zaunar da shi a kan raba kalma har sati uku. Abin da nake ƙi shi ne abu ɗaya ya haɗiye sauran huɗun. Ko WAEC da take makin manyan yara ba ta yin haka, insha'in Turancinta maki 50 ne kuma a rabe yake, 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu. To in ɗan ajin ƙarshe na sakandare kuskuren harafi ba ya cinye masa komai, don me zai cinye wa ɗan shekara 10? Sai dai kuma ban yarda a ɗauko rabon WAEC a ɗora wa 'yan firamare yadda yake ba kamar yadda na ga wasu suna yi, saboda kaso mafi tsoka a can na sarrafa harshe ne, yaron da yake tunani da Hausa yana fama da Turanci zai sha ƙasa tun kafin a kalli hujjarsa. Ni yanzu da Hausa nake fara sa su, in hujja ta zauna sai mu juya zuwa Turanci.

Tarko na biyu ya fi ɓuya, kuma a wajenmu nan yana da nauyi saboda tarbiyyar da muka taso da ita, yaro ba ya musu da babba. Akwai ranar da wata yarinya ta rubuta cewa bai kamata a ce mata ne kaɗai suke sharar aji ba, maza ma su riƙa yi, ta kawo dalilin cewa duk ranar shararsu suna rasa farkon darasin lissafi, har ta lissafa kwanakin. Wani abokin aikinmu ya gani ya ce wannan ai fitsara ce, a rage mata maki. Na ce masa Malam nuna min layin da ta yi rashin kunya, ya duba bai samu ba, ta gaisa, ta ce ranka ya daɗe, ta roƙa da ladabi. Ra'ayin ne bai yi masa ba. A rubirik babu gurbin ko malami ya yarda da ra'ayin, kuma da gangan ba a sa shi ba. Ladabi ana auna shi a lafazi, amma kawo hujja a gaban babba ba rashin ladabi ba ne, mu da muke zaman karatu a masallatai muna jin malamai suna cewa mene ne dalilinka bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba.

Za ku ji masu bita suna cewa rubirik iri biyu ne, na dunƙule wanda za ka karanta aikin gaba ɗaya ka ba shi mataki ɗaya, da na filla-filla irin namu. Na dunƙule ya fi sauri, ya dace da ranar jarrabawa. Na filla-filla shi ne yake gaya wa yaro inda ciwonsa yake.

Yana da nasa aibin fa. In ka rubuta wa yara shi a allo, kuma ya kamata ka rubuta don awo a ɓoye ba adalci ba ne, wasu za su mayar da shi hadda, kowa dalilina na farko, dalilina na biyu, a ƙarshe, littafi 80 murya ɗaya. Haka 'yan dibet suke yi, rabin shafi ya tafi a gaida shugaban taro da alƙalai da mai lura da lokaci kafin a zo ga magana. Shi ya sa a namu babu maki ga waɗannan kalmomin su kaɗai, sai abin da ya biyo bayansu. Sannan ga yawan yara, ajin da ya haura 80 ba za ka iya bin gurbi biyar a kowane littafi kowane sati ba, ƙarya ne. Abin da nake yi shi ne sati guda hujja kawai zan duba, sati na gaba tsari, sai aikin da zai shiga siye, wato makin da ake tara wa yaro a cikin zango kafin jarrabawa, nake bin duka biyar ɗin, kuma kafin na fara nakan zaro littafi uku na ba malamar nan ta yi makinsu ba tare da ta ga nawa ba, in muka saɓa da fiye da maki 2 sai mu koma kan takardar mu gyara bayanin.

Yarinyar mai kyan rubutu ta zo ta same ni da aka mayar musu da littattafai, idonta ya cika da hawaye, ta ce, "Malam, ban yi kuskure ko ɗaya ba fa." Na ce haka ne, ga 4 ɗinki nan, na nuna mata layin hujja na ce ki je gobe in an fita tara ki tsaya a bakin get ki gaya min abin da kika gani. Washegari ta sake rubutawa, ta ce ta ƙirga yara 23 da suka tsallaka titi neman ruwa kafin a kaɗa ƙararrawa, 9 daga ciki 'yan aji ɗaya da aji biyu ne, ɗaya kuma ko takalmi babu a ƙafarsa. Na ba ta 3 a hujja, na ce saura dalili na biyu.