Nasarar rigakafi a jikin biri ba ita ce nasara a jikin mutum ba

Duk sanda aka ji labarin an gwada rigakafin ƙanjamau a birai ya yi aiki, sai mutane su ɗauka an gama. Akwai sauran rina a kaba.

HIV ba ta kama birin rhesus da ake gwaji da shi. Don haka ake amfani da 'yar uwarta SIV mai kama birai, ko SHIV, wato SIV da aka lulluɓe da rigar HIV. Wajen haɗa rigakafin, ana ɗauko ƙwayar mura irin Ad26, a cire mata ƙarfin hayayyafa, a ɗora mata ƴan sassan ƙwayoyin halittar HIV. Wannan allurar ba ta iya sa wa kowa ƙanjamau. Bayan watanni da yi wa birin allurar sai a riƙa sa masa ƙwayar SHIV kaɗan-kaɗan ta dubura, har sau shida.

A 2018 rigakafin ya kare kusan kashi 67 cikin 100 na biran. Amma da aka gwada shi a mata kusan 2,600 a kudancin Afirka, aka dakatar a 2021 saboda kariyar ba ta taka kara ta karya ba. Birin nau'in ƙwaya ɗaya tak ya fuskanta, wanda masana suka zaɓa. Matan kuwa sun haɗu da nau'o'i barkatai masu sauya kama.