Sagebrush, ɗan uwan tazargade na yammacin Amurka

Sagebrush wani ƙaramin icce ne mai ganye ruwan toka da ke fitowa a busassun filayen yammacin Amurka, musamman yankin Great Basin, wato Nevada da Utah da sassan Oregon da Idaho. Masana tsirrai suna kiransa Artemisia tridentata, sunan da masanin tsirrai Thomas Nuttall ya ba shi a 1841 saboda bakin ganyen ya rabu uku kamar haƙora. Dangi ɗaya suke da tazargade, shi ya sa in ka murza ganyen a yatsa za ka ji ƙamshi mai yaji kamar kafur, ga ɗaci in an tauna. Shi ne furen jihar Nevada.

Tarihi

Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun amfani da shi daga ɓawonsa ta fito. A 1938 masanin kayan tarihi Luther Cressman ya tono takalma da yawa a kogon Fort Rock da ke Oregon, duk saƙar ɓawon sagebrush, suna kwance ƙarƙashin tokar dutsen Mazama wanda ya yi aman wuta kimanin shekara 7,700 da suka wuce. Gwajin da aka yi daga baya ya nuna takalman sun kai wajen shekara 9,000 zuwa 10,000, ana lissafa su cikin mafi tsufan takalma da aka taɓa samu a duniya. Abin burgewa ne gaskiya, ɓawon da ke salewa zare-zare a jikin icce shi aka murza ya zama igiya, igiya ta zama takalmi.

Amfani wajen 'yan asalin ƙasar

Ƙabilun Paiute da Shoshone da Washoe sun rayu da iccen nan sosai, itacen girki ne a wurin da bishiya ta yi ƙaranci, ɓawon kuma igiya da sutura, ganyen ko magani. Ana dafa shi a sha don mura da tari da ciwon ciki, ana sirace da shi, ana dandaƙa ɗanye a ɗaura a rauni. Navajo sun yi amfani da shi wajen ciwon kai, Zuni suna zuba ganyen cikin takalmi saboda warin ƙafa da ƙaiƙayin tsakanin yatsu, Cahuilla na Kalifoniya kuma suna niƙa 'ya'yan su yi gari. Ana kuma turara busasshensa a wasu al'adun tsarkakewa, amma kar a haɗa shi da farin sage da ake sayarwa a intanet, wancan Salvia ne, dangi daban.

Man ganyen

Da tururi ake tatso shi. Akwai kafur da sinadarin cineole a ciki, yawansu na bambanta gwargwadon irin iccen da inda ya fito. Ba a shan sa, yana iya cutar da hanta. 

Halin da yake ciki

Filayensa sun ragu da kusan rabi. Noma da gobarar daji da baƙuwar ciyawa cheatgrass ne manyan dalilai, kuma in ya ƙone ba ya sake tohowa daga saiwa sai dai daga iri.